Yadda za a raba wuta a wurin cajin motocin lantarki

Alhaji, ka tambaya ko taransifoma mai kVA 300 (ma'aunin nauyin wutar da za ta iya ɗauka) da ke gidan manka na Agege a Legas za ta ɗauki na'urorin caji huɗu. Amsar tana ga irin na'urorin da za ka saya. Ƙaramar caja tana jan kilowat 7 zuwa 22, amma mai sauri tana jan 60 ko fiye, saboda haka idan motoci huɗu suka jona a lokaci guda, ga famfunan mai da firji suna aiki, nauyin zai kai maƙura, har ka ji taransifomar tana gurnani da tsakar rana.

Shawarata ita ce ka nemi na'urorin da ke raba wuta a tsakaninsu. Ana sa musu iyaka, a ce kilowat 150, su kuma su riƙa rarrabawa gwargwadon buƙatar kowace mota. Dabarar tana aiki ne domin mota takan rage jan wuta da kanta idan batirinta ya kai wajen kashi 80 cikin 100, sai rarar ta koma ga wadda ta shigo da batiri a ƙasa.

Ka tabbatar kuma ko layin wutarku na rukunin Band A ne, wanda aka yi wa alkawarin samun wuta awa 20 a rana, kodayake kuɗinsa ya tashi sosai a Afrilun 2024. Ni dai ba zan ɗora caja mai sauri a kan janareta ba, don dizal zai cinye ribar. Gara ka yi wa direbobin haya rangwame su riƙa zuwa bayan sallar Isha'i, lokacin da cinikin mai ya lafa.