Amsa: Shafina na WordPress ya cika nauyi

Malam, wannan daɗewar da ka ce shafinka na WordPress (manhajar gina shafin intanet) yana yi kafin ya buɗe, ni dai zargina hotuna ne. Hoton waya ɗaya yakan kai 4MB, ka loda biyar a rubutu ɗaya ai ka cinye wa mai karatu data, ga netwok dama sai a hankali. Nima na sha fama wallahi, har na so canza masu hostin (kamfanin da ke ajiye min shafin a intanet) ashe ba laifinsu ba ne. Ka dinga matse hotunan a TinyPNG ko Squoosh (shafukan rage nauyin hoto ne) kafin ka ɗora, ka mayar da su WebP (wani nau'in hoto ne mara nauyi), WordPress yana karɓarsa tun 2021. Fulogin ɗin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress) da ba ka amfani da su kuma goge su kawai, amma fa ka yi bakof, wato ka ajiye kwafin shafin, tukuna.