Ga ɗan'uwan da ya yi kwana biyar ba sigari

Ɗan'uwa, ka ce kwana biyar ke nan da ka ajiye sigari, kai na sara maka, barci ya ƙaurace, kana tambaya ko haka za ka ƙare. Wallahi kamar labarina ka rubuta. Shekara 14 na yi ina zuƙa, kwali guda a rana.

Ba haka za ka ƙare ba. Kwana na biyu da na uku su ne masifar, lokacin nikotin, sinadarin taba mai sa jaraba, ya bar jini, jiki na ta neman abinsa. Ni a kwana na uku na daka wa 'yata tsawa, yarinya 'yar shekara huɗu, don kawai ta zubar da kunu a tabarma. Ta tsaya tana kallona, leɓe na rawa, ko kuka ta kasa. Uwarta ta zo ta ɗauke ta, ba ta ce min uffan ba. Na koma zaure na zauna, hannuna sai lalubar aljihu yake yi alhali na san babu komai a ciki. Har yau in na tuna idon yarinyar nan sai kunya ta rufe ni.

Ka yi hattara da majalisa. Karo na farko da na ajiye sigari na kai sati biyu, wani da nake kira aboki ya kunna a teburin mai shayi, ya miƙo min yana dariya, wai kara ɗaya ba ya kisa. Na karɓa. Wata takwas na ƙara yi a ciki! Ya san wahalar da na sha, a gabansa nake rawar hannu. Muna gaisawa dai, amma na daina zama wurin.

Jarabar in ta motsa mintuna kaɗan take yi ta lafa. Tashi ka yi alwala, ka sha ruwan sanyi, ka sa asuwaki a baki. Ni aya nake zubawa a aljihun da kwali yake zama. Bayan cin abinci kada ka zauna, a nan ne jarabar take kama mutum. Ka rage goro da shayi da yamma, in an bar taba sun fi kama jiki, su hana barci. In ta ci tura, ka tambayi likita cingam ɗin nikotin ko wanda ake mannawa a dantse.

Sati na huɗu na fara barci kamar mutum. Sai ci ya buɗe, har wandunan sallata suka ƙi shiga.