Sarkina ya mutu, 'ya'yansa sun raba ƙasar: in riƙa kashe ƙannen magaji?

Tambaya: Malam, ina buga Crusader Kings III, wasan kwamfuta na mulkin gidan sarauta, na fara da Daurama ta Daura a shekarar 867 ta cikin wasan. Jikanta ya haɗe Kano, Katsina da Gobir, yana mutuwa 'ya'yansa uku suka yayyaga ƙasar. Abokaina nan unguwar Mabera a Sakkwato sun ce magani ɗaya ne, in kashe duk ɗan da ba magaji ba. Hakanan na?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, ƙasarka ba ta lalace ba. Dokar rabon gado ta wasan ce ta yi aikinta. Muddin kana mulkin ƙabila, wato tsarin mulkin da Daurama ke farawa da shi a wasan, doka ɗaya ce a hannunka, kuma ita ce mafi tsanani: tana raba sarautu tsakanin 'ya'ya, in ƙasar ta kai a kafa wata sarauta mai daraja ɗaya da taka, sai ta ƙirƙiro ta da kanta ta miƙa wa ƙane. Gadon ɗan fari shi kaɗai ba ya buɗewa sai an shiga shekara ta 1200.

Yanzu ga maganar kisa, wadda nake ji kusan kullum, daga Mabera har Runjin Sambo, har ta gundure ni. Masu bidiyon minti ɗaya ne suka baza ta, mutanen da ba su taɓa riƙe gida ɗaya har ƙarni uku ba. Na farko, wasan ba ya barin uba ya ƙulla wa ɗansa makircin kisa sai in halin mugunta ne da shi. To sai ka ɗaure yaron ba laifi ka zartar masa da hukunci. Me ka samu? Tambarin mai kisan dangi, da sunan azzalumi, hakimanka duka su juya maka baya. Kuma ka bar kanka da ɗa ɗaya tilo. Zazzaɓi ɗaya, kibiya ɗaya a fagen daga, kafin ya haihu, in babu wani magaji a zuriyarka wasan ya ƙare ƙurmus. Wallahi ina jin ciwon ganin yaro ya ɓata dare, ya ƙone man janareto, a kan rusa gidan da ya gina da hannunsa. Cire ɗa daga gado ma ba kyauta ba ne, yana cinye makin martabar zuriya da ka daɗe kana tarawa.

Abin dubawa shi ne daraja. Ƙasa tana tsagewa ne idan ƙane ya sami sarauta daidai da ta wansa. Kana riƙe da larduna uku ba masarauta a samansu, dole su watse. Kafa Masarautar Hausa tun sarki na da rai, ƙannen za su karɓi lardunansu amma su zauna ƙarƙashin magaji. Mu Sakkwatawa mun san rabo ba rushewa ba ne: a 1812 Shehu ya ba Abdullahi yamma, ya ba Muhammadu Bello gabas, daula ta ci gaba.

Sannan ka ci sababbin ƙasashe ka naɗa ƙannen tun da wuri, abin da ka ba su ana lissafa shi cikin rabonsu. Buɗe shafin gado a kai a kai, yana nuna maka wa zai sami me.

Halin da kake ciki yanzu kuwa, magajinka yana da haƙƙin neman abin da ƙannensa suka ɗauka, kuma babban birni na hannunsa da mafi yawan dakaru. Tara zinariya, ɗauko sojojin haya, ka fara da mafi rauni cikinsu kafin ya ƙulla aure da wani maƙwabci mai ƙarfi.