Kafin ka sayar da laftop ɗin nan

Malam, ka ce laftop ɗin da kake yi wa ɗalibai rajista da ita a ƙauyenku na wajen Ringim ta cika nawa, kana tambaya ko sayarwa za ka yi. Dakata tukuna.

Galibi faifan ajiya ne ke jawo haka, tsohon nan mai juyawa. Ka sauya shi da SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya mai sauri da ba ya juyawa, mai inci 2.5, ko da 256GB ne, za ka ga tana tashi nan da nan. Aikin sukudireba ne kawai, amma ka fara kwashe fayilolinka a filas, ka kashe ta, ka cire batir. Bayan nan sai an sake ɗora mata Windows.

RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, in 4GB ce ka kai ta 8GB. Ka duba nau'inta, ko DDR3 ce ko DDR4, don ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Ni dai shawarata, in za ka shiga Kano, titin Beirut inda ake sayar da kayan kwamfuta, ka tafi da kwamfutar a gwada a gabanka. Kayan gwanjo sai da ido.

Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, ka share ta da buroshi mai laushi.