Amsa: Shirya samfurin kabonet kafin auna aisotop (nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi)

Malama, kin tambaya ko dole ne a wanke garin kabonet da bilic don cire ragowar halittu kafin a zuba masa asid. A ganina, in dutsen naki kalsait (wani ma'adinin kabonet) ne mai tsabta, ki bar shi haka. Bilic da gasawa (wata hanyar cire ragowar halittun) duk suna iya taɓa ƙimar aisotop ɗin oksijin, kuma asid ɗin fosforik, wanda ake zubawa don fitar da iskar CO2 da za a auna daga kabonet ɗin, ba ya fitar da iskar CO2 daga ragowar halittun sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Ki busar da garin a obin mai zafin digiri 40 zuwa 50 ya kwana, asid ɗin kuma ya kai kashi 100 ko sama kaɗan, domin in da ruwa a ciki zai yi musayar oksijin da iskar, sakamakon ya lalace. Wajen niƙa ki bi a hankali, zafin gogayya na iya mayar da aragonait (shi ma ma'adinin kabonet ne) ya koma kalsait.

Ki fara tabbatar da ma'adinin ta XRD (gwajin gano ma'adini da hasken X-ray). A digiri 25, kamar yadda masanin kimiyya McCrea ya tsara a 1950, kalsait na narkewa a asid ɗin cikin sa'o'i, ma'adinin dolomait kuwa sai kwanaki. Ki riƙa sa IAEA-603 (kalsait da aka san ƙimarsa, wanda ake gwada sakamako da shi) tsakanin samfuranki, da nauyi kusan ɗaya.