Hukuncin Shugaba Mai Zafin Rai: Ya Ajiye Muƙami Ne Ko Ya Koyi Riƙon Mutane?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin sarrafa shinkafa. Bara mai kamfanin ya ɗora ni a kan sashen casa da zubawa a buhu, mutum sama da talatin ne a ƙarƙashina, daga masu kula da inji har 'yan dako. Aikin inji na san shi ciki da bai, amma riƙon mutane ya gagare ni. Ina da zafin rai, in aka yi kuskure sai in yi ta faɗa a gaban kowa, wani lokaci har zagi ya suɓuce mini, kuma na taɓa yanke wa wani kuɗin yininsa cikin fushi. Wasu ƙwararru sun bar aikin saboda ni. Yanzu kamfani zai tura ni kwas na koyon shugabanci, masu koyarwar kuma galibinsu ba Musulmi ba ne. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce ɓata lokaci ne, hali zanen dutse ne, hadisin Abu Zarr ya nuna mai rauni barin shugabanci zai yi kawai. Ya ƙara da cewa zuwa irin wannan kwas neman mulki ne, kuma an hana. Malam, in sauka ne ko in je?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ka je kwas ɗin, babu laifi a cikinsa. Koyon riƙon mutane da adalci ma ya zama wajibi a kanka tun ranar da ka karɓi muƙamin, domin ƙa'ida ce a wajen malaman Usulu, wato masana tushen fiƙihu, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku masu kiwo ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar. Mutum talatin ɗin nan za a tambaye ka su ɗaya bayan ɗaya. Batun sauka kuwa da saura, yana da sharaɗin da zan kawo.

Abokinka ya kafa hujja da karin magana, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Wasu Allah ya halicce su da sanyin hali tun asali. Annabi (SAW) ya ce wa Ashajju, jagoran tawagar ƙabilar Abdul Ƙaisi, yana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa. A ruwayar Abu Dawud ya tambaya ko shi ya koya wa kansa su ko halittarsa aka yi da su, aka ce masa Allah ne ya halicce shi a kansu. Sai dai tambayar Ashajju kanta ta nuna sun san akwai halin da ake haihuwar mutum da shi, akwai wanda yake koya. Kuma ba a gina hukuncin shari'a a kan karin magana alhali ga nassi. A hadisin Abu Sa'id wanda Bukhari da Muslim suka kawo, Annabi (SAW) ya ce wanda ya tilasta wa kansa haƙuri, Allah zai sanya shi mai haƙuri. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi wa masu cewa hali ba ya canzawa raddi da cewa in haka ne, to wasiyya da wa'azi da tarbiyya duk sun tashi a banza. Ya kuma bayyana cewa ba a neman a tumɓuke fushi daga zuciya gaba ɗaya, ana neman a mayar da shi ƙarƙashin hankali da shari'a ne. Zafin nan naka, in aka sa masa linzami, shi ne zai hana a yi wasa da aiki a sashenka.

Ka dubi Abu Zarr ɗin da aka kafa maka hujja da shi. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya taɓa yin cacar baki da wani mutum har ya goranta masa mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya ce masa shi mutum ne da akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Sannan ya koya masa cewa masu yi muku hidima 'yan'uwanku ne da Allah ya sanya a ƙarƙashinku, ku ciyar da su abin da kuke ci, ku tufatar da su abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora musu to ku taimaka musu. Bayan shekaru Ma'arur ɗan Suwaid ya same shi a ƙauyen Rabaza, tufar da ke jikinsa irinta ce a jikin yaronsa, har abin ya ba shi mamaki ya tambaya. Haka Abu Mas'ud Albadari, yana cikin dukan yaronsa da bulala ya ji murya a bayansa, fushi ya hana shi gane mai magana, sai da ya matso ya ga ashe Annabi ne (SAW) yana ce masa ya sani Allah ya fi shi iko a kansa fiye da ikonsa a kan yaron nan. Bai sake dukan bawa ba har ya bar duniya. Waɗannan manyan mutane ne da suka riga suka girma da halinsu, kuma suka canza.

Hadisin da abokinka yake nufi ingantacce ne, yana cikin Muslim. Abu Zarr ya nemi a naɗa shi wani aiki, Annabi (SAW) ya dafa kafaɗarsa ya ce masa shi mai rauni ne, ita kuma amana ce, kuma ranar ƙiyama kunya ce da nadama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa a cikinta. Imam Nawawi ya ce wannan babban tushe ne wajen nisantar muƙamai, musamman ga wanda ba zai iya ɗaukar nauyinsu ba. Amma ka lura da abu biyu. An faɗa wa mutumin da bai shiga ba ne, yana neman shiga. Kuma ƙarshen hadisin ya buɗe ƙofa ga wanda zai sauke nauyin. Ibn Taimiyya ya ce kowane shugabanci a kan ginshiƙi biyu yake tsaye, ƙarfi da amana, ya ɗauko hakan daga aya ta 26 a Suratul Ƙasas, kuma ya ce ƙarfin kowane muƙami gwargwadon irinsa ne. Ƙarfin muƙaminka kashi biyu ne, sanin inji da sanin mutane. Kana da na farko, na biyun kake nema.

Wannan ciwo ne da ya yi mana yawa. A ɗauko malamin da ya fi kowa iya koyarwa a ba shi shugabancin makaranta, a ɗauko telan da ya fi iya ɗinki a ce ya riƙe shago da yara goma, ba tare da wani ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake raba aiki ko tsawatarwa ba. In ya kasa sai a ce halinsa ne. Mai kamfaninku da ya yi tunanin tura ka karatu ya sauke wani ɓangare na abin da ke kansa, Allah ya saka masa.

Maganar neman mulki ba ta da tsawo. Hadisin Abdurrahman ɗan Samura cewa ya yi kada ka roƙi shugabanci, domin in an ba ka saboda roƙo za a bar ka da shi, in an ba ka ba tare da roƙo ba za a taimake ka a kansa. Kai ɗora ka aka yi, don haka alkawarin taimakon ne ya shafe ka. Ko wanda bai riƙe komai ba in ya koyi shugabanci don ya amfanar, bai shiga hanin ba. Annabi Yusuf (AS) da ya san ya cancanta cewa ya yi a sanya shi a kan taskokin ƙasa. Ka dai gyara niyya.

Koyo daga wanda ba Musulmi ba a harkar tsarin duniya halal ne. Ramin da aka haƙa a yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 dabarar Farisawa ce da Salmanu ya kawo. Sayyidina Umar ya kafa diwani na rubuta sunayen sojoji da rabonsu, tsarin da daulolin da ke maƙwabtaka da su suka riga su sani. Abin da za a koya maka na tsara lokaci, da wakilta wani a kan aiki, da sauraron ƙorafi, da sasanta ma'aikata, duk daga wannan babi yake. Ka kiyaye sallarka a kan lokaci, ka nisanci duk wani zama na saɓo da za a haɗa da taron. In kuma aka zo da dabarar yaudarar ma'aikaci, ko tatse shi fiye da abin da aka yi yarjejeniya, ko haɗa ma'aikata gaba don a mallake su, ka bar musu kayansu.

Kada kuma a ce maka koyar da shugabanni baƙon abu ne a ƙasar nan. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wasiyya a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano saboda roƙon mutanenta, Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa. Masu riƙe da garuruwa ba su ji nauyin a koya musu ba. Magili ya yi ta nanata wa Rumfa cewa tushen duk wata musiba shi ne shugaba ya yi shamaki tsakaninsa da jama'arsa. Shamakinka kai harshenka ne. Yaron da ke kan inji zai ji ƙara ta canza tun da safe, ya san bel ya fara saki, amma ya yi gum saboda ya tuna abin da ya samu wanda ya kawo maka irin wannan labari jiya. Kafin la'asar shinkafa ta kakkarye, inji ya tsaya, ka sake tara mutane ka yi faɗa. Allah ya ce wa Annabinsa a aya ta 159 ta Ali Imrana, da ya kasance mai kaushi mai ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse daga gare shi. Ana maganar sahabbai ne da fiyayyen halitta, to ina ga wanda albashi ne kawai ya haɗa shi da kai? Ayar ta ci gaba da umarnin yafewa da shawara, ta rufe da azama da tawakkali. Saboda haka tausasawa ba ta hana ka gargaɗin mai sakaci, ko sallamar wanda aka kama da sata bayan bincike.

Akwai abin da ba zai jira kwas ba, kuma shi ya fi tsaya mini a rai a tambayarka. Mutumin da ka yanke wa kuɗin yini, in ya yi aikin ranar, kuɗin nan haƙƙinsa ne. Malaman fiƙihu sun ce ma'aikacin da aka ɗauka a kan lokaci amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ta'adi, kuma ko a nan sai an tabbatar. Fushin shugaba ba ya tabbatar da komai. A hadisi ƙudusi na Bukhari, Allah ya ce shi ne abokin husumar mutum uku ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ci moriyar aikinsa bai ba shi ladansa ba. Ka sa kamfani ya mayar masa a wannan makon, in hakan ta faskara ka biya daga aljihunka, ko da ya riga ya bar aikin. Waɗanda ka zaga kuma ka nemi afuwarsu, wanda ka ci wa mutunci a gaban jama'a adalci shi ne ka ba shi haƙuri a gaban jama'a. Hadisin matsiyaci a Muslim ya ambaci mai zuwa da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗiban ladansa ana biyansu.

Daga yau kada ka yanke hukuncin kuɗi ko na kora kana cikin fushi. An hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana fushi, kai ma a wannan lokacin alƙali ne. Ka nemi tsari da Allah daga Shaiɗan, in a tsaye kake ka zauna, ka bar maganar sai gobe. Gyaran kuskure ka ja mutum gefe ku biyu. Ka samu dattijo ɗaya cikin ma'aikatan, wanda ba ya tsoronka, ka ba shi izinin ya gaya maka gaskiya duk ranar da ka wuce gona da iri. Anas ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ce masa ko tir ba, kuma yaro ba ya rasa kuskure. Ka riƙa tuna addu'ar da Nana A'isha ta ruwaito, cewa wanda ya jiɓinci wani al'amari na al'umma ya tsananta musu Allah ya tsananta masa, wanda ya tausasa musu Allah ya tausasa masa.

Bayan ka dawo daga kwas ka ba kanka wa'adi, kamar wata shida, wannan ƙiyasina ne, babu nassi a kan adadin. Sai ka tambayi dattijon nan da mai kamfani. In har yanzu mutane ba su kuɓuta daga harshenka ba, kuma akwai wanda ya fi ka iya riƙonsu, to a nan hadisin Abu Zarr ya hau kanka, ka nemi a mayar da kai ɓangaren inji, kuma babu abin kunya a ciki. In kuwa saukarka za ta jefa su hannun wanda ya fi ka cutarwa, ka zauna, amma ka roƙi a cire ikon yanke albashi da kora daga hannunka a ba wani har sai ka mallaki kanka.

Allah ne mafi sani.