Bindiga mai baki biyu ta farautar ɓauna: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Abuja, kuma tun ina yaro nake bin mahaifina farauta. Na ga bindiga mai baki biyu irin wadda ake harbin ɓauna da giwa da ita, ta kuma kwanta mini a rai. Wacce zan saya, ƙirar Ingila ko ta Jamus? Daga wani mai karatu a Gwarinpa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce kada ka saya. Bindigar ba ta da aibi, ni ma ina ganin girman maƙeranta, amma aikin da aka ƙera ta dominsa babu shi a ƙasar nan ta hanyar halal.

Da farko, wannan ba ita ce mai baki biyun da maharbanmu suka sani ba, wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin darma kan zabi da fakara. Cikin bututun wannan akwai zane mai murɗiya, kuma kowane baki harsashi ɗaya tak yake fitarwa, mai nauyi. Harsashin .470 Nitro Express, alal misali, ya haura giram 30. Amfaninta yana bayyana ne a lokaci guda: sa'ad da ɓaunar da aka raunata ta fito daga duhuwa ta yo kan maharbi, tazara ba ta fi taku ashirin ba. Kunama biyu gare ta, kowane baki da nasa kayan aiki, don haka harbi na biyu yana bin na farko ba tare da an sauke ta daga kafaɗa ba, in kuma ɗaya ya ƙi tashi ɗayan yana nan. A irin wannan lokaci babu kamarta. Da zarar dabba ta yi nisa kuwa, fifikonta ya ƙare.

Tsadarta daga haɗa bututun biyu take. Maƙeri zai liƙa su, ya harba, ya sassauta, ya gyara, ya sake harbawa, har sai baki biyun sun riƙa sauka kusan wuri ɗaya a tazarar kamar mita 50. Da irin harsashi guda ake wannan saiti. Ka canza harsashi, sai ka ga na dama ya yi gabas, na hagu ya yi yamma. To ina za ka riƙa samun ainihin wannan harsashi a Abuja? Sabuwa ƙirar Heym ko Krieghoff ko Merkel na Jamus, ko Chapuis ta Faransa, sai ka tanadi dala dubu goma zuwa sama. Ta Holland & Holland da ke Landan kuwa takan wuce fam dubu ɗari.

Ko da kuɗin ba damuwa ba ne, doka tana gaba. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar farauta irin wannan sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma an sha dakatar da ba da sabon lasisi saboda halin tsaro. Shigo da ita daga waje ma sai da izini na daban. Sannan me za ka harba? Giwa da zaki da damisa duk suna ƙarƙashin kariyar dokar 1985 ta dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ɓaunar da ta rage mana tana gandun daji irin su Yankari da Gashaka-Gumti, inda farauta haramun ce. Giwayen Yankari kuwa na cikin garkuna na ƙarshe da suka rage mana. Wallahi ina so jikokinmu su gan su da idonsu, ba a hoto ba.

In burin harbin ɓauna ya ƙi barinka, akwai ƙasashen da suka tsara abin da lasisi da adadi: Tanzaniya, Zimbabuwe, Zambiya, Mozambik, Namibiya da Afirka ta Kudu. Kenya ta hana tun 1977. Can za ka fita tare da ƙwararren maharbi mai lasisi, sansanoni da dama kuma suna ba da hayar bindiga. Nemi mai baki ɗaya mai sakata (wadda ake ja da hannu don ɗura sabon harsashi), mai cin harsashin .375 H&H, wanda ake amfani da shi tun 1912. Bugunta a kafaɗa ya fi sauƙi, tana ɗaukar madubin saiti, kuma harbin farko mai kyau shi ne aikinka. Mai baki biyun tana hannun ƙwararren da ke tsaye kusa da kai, don ranar da abu ya ɓaci.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar mai baki biyu ta harbin tsuntsaye. Zan iya korar gadu da ita daga gonarmu? Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, lasisin bindiga na mutum ɗaya ne, ba ya shiga rabon gado. Ɗauki takardun marigayin ka je hedikwatar 'yan sandan jihar Filato ka sanar da su, su karɓe ta ajiya har ka nemi naka. Ajiye ta a ɗaki haka kawai laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

In lasisin ya fito, kada ka ɗura mata komai sai wanda ya san bindiga ya duba ta. Tsofaffin ƙirar Ingila da yawa an yi su ne don harsashi mai tsawon milimita 65, na kasuwa yanzu kuwa galibi 70 ne. Zai shiga, ta rufe lafiya, amma matsin da zai haifar yana iya fin ƙarfin tsohon ƙarfe. A duba tsatsar cikin bututu, a kuma girgiza ta a ji ko mahaɗar ta yi sako-sako.

Batun gadu kuma, ƙwayoyin harbin tsuntsu ba sa kashe shi, raunata shi kawai suke yi, ya tafi yana wahala ko ya juyo da haurensa. Ka kai kuka ofishin kula da gandun daji na jiha, ka kuma gyara shingen gonar kafin masara ta fara kunno kai.